Bututun Iska a Motar Mai Sanyi

Litinin, 5 ga Agusta
Yaya ta kira. An sa ranar tafiyarsu, Lahadi 18 ga wata. Mijinta ya samu aiki a ƙetare, ba ta san yaushe za su dawo ba. Ita ta riƙe ni tun rasuwar Mama, ba zai yiwu ta tafi ban gan ta ba. Na faɗa wa mijina Mai Sanyi, ya ce shi zai kai ni da motarsa ranar Asabar, mu kwana a can. Har na tsara abin a raina: ni a gaba, gilashi a sauke, shi yana tuƙi da hannu ɗaya kamar likitan nan na littafin da nake karantawa.
Sai ya ce, "Amma sai na ɗan taɓa motar tukuna."
Na san wannan "ɗan".

Laraba, 7 ga Agusta
Da na aure shi na ɗauka don sanyin hali ake ce masa Mai Sanyi. Ashe don gyaran firij ne kawai. A wurinsa kuwa duk abin da ya lalace a duniya zafi ne ya lalata shi.
Yau ya cire akwatin da inji ke shaƙar iska ta cikinsa, wai yana manne da inji, iskar zafi kawai yake ba shi. Zai haɗa bututu da kansa, ya sa matatar iska a bakinsa, ya kai shi inda iska ta fi sanyi.
"Inji kamar mutum ne, Amarya. In ya shaƙi zafi, kasala yake yi."
Na ce ni ma haka. Bai ji ba, kansa na cikin bonet.

Juma'a, 9 ga Agusta
Na nemi babban tirena na rasa. Na same shi a tsakar gida an yanka shi biyu, wai zai tare zafin inji kada ya taɓa bututu. Tiren da Yaya ta ba ni. Ya ce zai sayo mini wanda ya fi shi. Na shiga ɗaki na kwanta da littafi a fuska.
Kaina ciwo yake.

Asabar, 10 ga Agusta
Na gama littafin. Likitan ya bi masoyiyarsa har filin jirgi cikin ruwan sama. Nawa yana ƙarƙashin mota, tafin ƙafarsa kawai nake gani.

Talata, 13 ga Agusta
Bututun farko na roba ne, irin na famfo. Ya tayar da mota, ba a jima ba ya yi laushi ya lanƙwashe kamar kyandir. Warin ya cika mana ɗaki har cikin labule. Tela maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga: "Mai Sanyi, mota ce ko banɗaki kake haɗawa? In ka gama ka sa mata shawa."
Mai Sanyi ma ya yi dariya, amma na ga kunya a idonsa. Ya tafi wurin mai walda neman na ƙarfe.
Yaya ta sake kira, tana tambaya ko muna nan zuwa. Na ce muna nan. Na gaji da wanke baƙin mai a hannun riga, na gaji da dumama abinci.

Alhamis, 15 ga Agusta
Ya kai bakin bututun can ƙasa, bayan bamba, dab da taya. Wai a firij ma sanyi ƙasa yake sauka, don haka iskar ƙasa ta fi. Sai dai hannunsa ya ƙi shiga wurin ɗaure kilif ɗin ƙarshe. Ya yi ta fama, ya yanke a yatsa, sannan ya ɗago ya dubi hannuna.
"Amarya, ara mini hannunki mana."
Na durƙusa a kan kwali da zanina mai kyau. Ba na ganin komai, lalube nake yi, yana cewa dama, ƙara, ya isa. Farcena ya karye. Da na ɗaure ya girgiza bututun bai motsa ba, ya ce, "Kai, wannan hannun ai ɓata shi ake yi a kicin."
Tun da muka yi aure ban ji kalmar da ta fi wannan kusa da ta soyayya ba. Allah sarki ni.
Motar ta tashi da wani irin gurnani. Ya yi ta taka totur yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Asabar, 17 ga Agusta
A gidan Yaya nake rubuta wannan. Ni kaɗai.
Da safe aka yi ruwa. Mun fito, ni a gaba kamar yadda na tsara. A mahaɗar gidan mai ruwa ya kwanta, bai ma kai gwiwa ba, ƙananan motoci na ta wucewa. Muka shiga. Motar ta yi tari ta mutu a tsakiya. Ya kai hannu ga makulli, sai ya janye. Sannan ya ce a hankali, "Ta sha ruwa. Bututun ne. In na sake murzawa injin ya tafi."
Ya naɗe wando ya tura ta gefe, ni ina riƙe da sitiyari, na farko a rayuwata. Ya ce in yi haƙuri mu koma gida, zai gyara, gobe da sassafe mu kama hanya. Jirginsu Yaya da safe zai tashi.
Na ce a'a. Ban ɗaga murya ba. Na ɗauki jakata na ce tasha zan je.
"Ba ki taɓa tafiya ke kaɗai ba."
"Yau zan fara."
Na ɗauka zai hana. Ya karɓi jakar, ya raka ni tasha takalminsa na fitar da ruwa, ya nema mini kujerar gefen taga. Bai iya kallona ba. "Ki ba Yaya haƙuri," kawai ya ce.
A hanya na yi kuka kaɗan, sai barci ya ɗauke ni.

Lahadi, 18 ga Agusta
Sun tafi. Na rungume ta har sai da mijinta ya dubi agogo.
Jiya da mijin nata ya ji labarin motar ya yi ta ƙyaƙyata dariya, wai mai firij ya kai mota wanka. Sai na ji bakina yana bayani: ai dabarar ba ta da laifi, iska mai sanyi inji ke so, wurin ne kawai ya yi ƙasa da yawa. Yaya ta dube ni ta gefen ido. "Auta, yaushe kika zama bakanike?"
Ban san me ya sa na ji haushin dariyar ba. Ni ce fa aka ɓata wa rai.

Laraba, 21 ga Agusta
Na dawo jiya. Mai Sanyi ya cire fulogi, injin ya tofar da ruwan, motar ta tashi. Allah ya rufa asiri. Shi ne dai bai tashi ba. Ba ya magana, ko tela ya tsokane shi ba ya amsawa. Da yamma na gan shi yana goge tsohon akwatin zai mayar, bututun kuma ya jefa shi bayan ɗaki.
Ban huce ba, ya kamata ya sani. Amma a motar dawowa na yi ta kallon inda ruwa ke kaiwa a jikin motoci, bai taɓa kai fitila ba. Na faɗa masa haka, ina tsintar shinkafa, ban ɗago ba. Na ce akwai wuri bayan fitilar hagu, na taɓa shi ran nan da nake lalube, in an rage tsawon bututun zai zauna.
Ya daɗe yana kallona. Ya ce hannunsa ba zai shiga wurin ba.
Ba wai aikin ya dame ni ba. Kawai dai na fito da tsohon zanina na ajiye a bakin ƙofa, kada gobe in sake ɓata mai kyau.