Ƙawar Umma ta Ɗakin Wankin Ƙoda Ta Rasu, Mun Ɓoye Mata

Anti Kubura, don girman Allah ki ba ni shawara kafin Asabar, kaina ya kulle.

Mahaifiyata ake yi wa wankin ƙoda. A Tarauni muke, ni nake kai ta asibiti a adaidaita sahu. Lokacin da likita ya ce ƙodojinta sun daina aiki, Umma ta rantse ba za a haɗa ta da inji ba, wai duk wanda ta ji an fara yi wa wankin nan bai daɗe ba. Muka yi roƙo har muka gaji. Sai da ƙafafunta suka kumbura takalmi ya ƙi shiga, numfashi ya fara gagararta, sannan ta yarda, tana jan carbi.

A ranar da aka fara wankin ta haɗu da Mama Iyabo, wata Bayarabiya Kirista mai sayar da kayan miya a Gyadi-Gyadi. Gadonta na kusa da na Umma. Ta dube ta ta ce, "Hajiya, saki jikinki. Injin nan ɗan wanki da guga ne, yana gamawa zai miƙo miki jininki a goge." Umma ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta har na manta.

Daga nan suka ƙulle. Ana wanki suna hira, jikoki, tsadar tumatir, surukai. Ita ta koya wa Umma tsotsar ƙanƙara idan ƙishirwa ta dame ta, tunda an ƙayyade mata ruwa. Umma da ake ja kamar akuya zuwa asibiti, ita ce ta koma yi mini faɗa idan na makara.

Kwanakin baya muka je ba mu tarar da Mama Iyabo ba. Da la'asar ɗanta Damilare ya kira ni yana kuka, ya ce ta rasu a gida, zuciyarta ce ta tsaya. Na gaya wa yayana Auwalu, ya ce, "Kika faɗa wa Umma, ke kika kashe ta." Sai muka ce mata an canza wa Mama Iyabo rana ne. Muka roƙi ma'aikatan jinya kada su faɗa mata, suka yarda.

Anti, yanzu abin ya fi ƙarfina. Umma ta ce ita ma a canza mata rana. Kullum sai ta sa na kira lambar ƙawar tata, a ce a kashe take. Ta sa na sayo bargo, wai ƙawarta na kukan sanyin ɗakin wanki, ta ce Asabar ɗin nan sai na kai ta Gyadi-Gyadi da ƙafarta. Shekaranjiya wani dattijo da ake yi musu wanki tare ya buɗe baki zai yi mata gaisuwar rasuwar, da ƙyar na tare shi da ido. Ba na iya barci. In na faɗa, ina tsoron ta ce ta gama da inji, kuma na ga yadda take komawa idan wanki ya wuce ta. In na yi shiru ta ji a bakin wani, da wane ido zan kalle ta? Yaya zan yi?

'Yar Tarauni mai fargaba

Amsa:

'Yata, Allah Ya saka miki da alheri kan hidimar mahaifiya. Tsoron Auwalu ba shirme ba ne. Ya ga yadda kuka sha kafin ta yarda, ba ya son a koma gidan jiya. Amma ƙaryar nan ba ta da sauran kwana. Ɗakin da kowa ya sani sai mutum ɗaya, ba a rufe masa baki. Ranar da ta ji a waje, mutuwa biyu za ta yi wa kuka: ta ƙawarta, da ta yardar da ta ba ku. Daga nan ko likita ya ce tana samun sauƙi, za ta ce kun haɗa baki ne.

Ki faɗa mata kafin Asabar. Ki fara samun Auwalu, ki ce masa da shi kike so a yi, amma ko babu shi za a yi. Ki sanar da likitanta, ki roƙe shi ya yi mata bayani da kansa cewa kowane majinyaci da yanayin jikinsa, abin da ya sami wani ba lalle ya sami wani ba. Kada ki faɗa ranar wanki, jiki a gajiye yake. Washegari da hantsi, a gida, da wata babba da take jin maganarta a kusa. Ki faɗa kai tsaye, ki nemi gafarar ɓoyewar, ki ce tsoro ne ya sa ku.

Idan ta ce ta daina wanki, kada ku yi mata ca a kai. Maganar zafin rai ce, ku bari ta huce, amma ranar wanki na zagayowa tana kan bakanta, ki kira likita a take, kada ki jira kumburi.

Ranar Asabar kuwa ki kai ta Gyadi-Gyadi kamar yadda ta nema, ta yi wa Damilare da 'yan'uwansa ta'aziyya. Haƙƙin zaman tare ne, kuma su ma za su so ganin wadda uwarsu ta ƙare kwanakinta tana dariya da ita.

Mahaifiyarki ta binne iyaye da 'yan'uwa tun kafin a haife ki, ta san mutuwa fiye da ku. Ciwon ƙoda gare ta, ba ƙuruciya ba. Ku bar ta ta yi kukan ƙawarta.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya ba iyalan Mama Iyabo haƙuri, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.

Anti Kubura