Yayyafin da Ya Hana Kalicha Tafiya

Litinin, 12 ga Fabrairu
Dusar ƙanƙara ta zubo daga dutse ta toshe hanya, mota ba ta fita. Sai ɗan jirgin samanmu ƙwaya ɗaya. Da hantsi maƙwabcina Shergazi ya kawo matarsa Kalicha naɗe a bargo. Ciki wata takwas, jini na zuba, likitanmu ya ce sai asibitin birni.

Ana yayyafi, irin mai laushin nan da ba ya tsorata kowa. Na shafa fiffiken jirgi, sumul kamar gilashi. Sama ɗumi, ƙasa sanyi, ruwa na sauka yana daskarewa nan take. Muka wanke da ruwan zafi da maganin narkar da ƙanƙara. Kafin in shanye shayina ƙanƙarar ta dawo. Fiffike in ya ɗauki wannan kaya, ba ya ɗaukar mutum.

Ermek matuƙi, da ke kirana Aksakal, wato dattijo, ya ce, "Aksakal, kai ne shugaban filin jirgin nan. Ka ce tashi, in tashi." Wayo. So yake nauyin ya hau bakina.

Na ce a'a.

Shergazi ya riƙe mini hannun riga. "Wannan ɗan yayyafin? Ko jiƙa ni bai yi ba. Tare fa muka yi kiwon dawaki, Toktosun." Na ce ya taɓa hularsa, ta yi tauri kamar kasko. Bai taɓa ba.

Talata, 13 ga Fabrairu
Kalicha ta cika a kan bencin ɗakin jira, ita da abin da ke cikinta. Gari ya waye fes, ko gajimare babu. Kamar da gangan.

Alhamis, 15 ga Fabrairu
An kai ta. An yanka doki da tumaki. Shekara da shekaru, a duk taron garin nan ni ake miƙa wa kan tunkiya, rabon babban dattijo. Yau bakin ƙofa aka zaunar da ni, wurin takalma. Iska mai kyau a can, ban yi ƙorafi ba. Shergazi ya karɓi gaisuwata yana kallon bango.

Matata Burul ta ce, "Ai daidai ka yi, tsoho." Tana zuba shayi ta ƙara, "Ko?"

Laraba, 21 ga Fabrairu
Ermek ya ce da sun tashi ranar, da kabari biyar aka haƙa. Na sani. Na fi shi sani. Sanin ne dai ba ya sa barci.

Lahadi, 25 ga Fabrairu
Mai burodi ta daina yi mini wasa.

Asabar, 2 ga Maris
Yayyafin ya dawo, irinsa sak. Wani makiyayi aka kawo da karaya a cinya, ba mai mutuwa ba ne, zai kai gobe. Danginsa sun cika bakin shingen fili, sun zuba mini ido. Shergazi na cikinsu.

Na shafa fiffike. Ermek ya dube ni. Na ce, "Ku tafi."

Sun isa. Da azahar Ermek ya kira, muryarsa ba tasa ba. Gilashin gaba ya rufe ruf, jirgi ya yi nauyi, ta tagar gefe ya laluɓo titin sauka. "Aksakal, ka shafa kuwa?"

Na ce na shafa. Gaskiya ce. Abin da hannuna ya gaya mini ne ban faɗa ba.

Da yamma mutum uku suka gaishe ni a hanya. Gobe ma akwai yayyafi.