Har Gindin Tsamiya

Litinin, 5 ga Mayu

Na liƙa zanen da aka ba mu a taron bitar malamai a Kano: wani dutsen ƙanƙara na ƙasashen sanyi yana narkewa cikin teku. Na yi ta yi wa 'yan ajina bayanin sauyin yanayi har muryata ta dishe. Can Ja'afaru ya ɗaga hannu, wai ƙanƙarar waye aka bari tana lalacewa haka, ba a lulluɓe ta da buhu ba? Ban ga laifinsa ba. Ta azumi kaɗai ya sani.

Laraba, 7 ga Mayu

Baba ya sauko da irin gero daga rumbu. Binne zai yi, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, kamar yadda ya gada. Bara yayyafi ya tsirar da shukar, rana ta ƙone ta. Wannan ne ragowar irinmu, in ya tafi babu wani. Ina koya wa 'ya'yan mutane cewa damina ta canja, amma a gaban Baba bakina ya mutu. Tsoro nake ji.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na ce kowa ya zana dutsen. Na samu tulin malmalar tuwo a takardu. Asama'u kuwa kududdufin bayan gari ta zana, da'ira cikin da'ira. Ta waje inda kakarta ta ce ruwa yake kaiwa a da, ta tsakiya ɗan abin da ya taru bara. Na so in yi faɗa, ba shi na sa ba. Sai na naɗe na taho da shi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na bar zanen a kan tabarmar Baba, wai mantuwa. Ya daɗe yana juya shi.

"Khaulat, wa ya yi wannan? Ai an rage. Har gindin tsamiya ruwan nan yake zuwa, a nan na koyi iyo."

Ya sa yatsa can wajen takardar, a kan tabarma. Bai ɗauke da wuri ba. Na ce, "Baba, da an jira ruwa ya zauna kafin a taɓa irin nan." Ni kaina na yi mamakin bakina.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yayyafi da asuba. Maƙwabta da suka yi binne sai murna. Baba ko kallona bai yi ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Ko ɗigo tun ranar. Tsiron maƙwabta ya kwanta, Allah Ya mayar musu da alheri. Irinmu yana nan a ƙwarya. Baba yana gaya wa mutane ciwon baya ne ya hana shi fita, na kuwa bi shi da sannu.

Jibi zan mayar da zanen Asama'u aji. Na manna masa wata takardar a gefe, don tsamiyar ta samu wuri.