Marafan Gwangwani Sittin da Uku

Yamba, ranar Talata

Zuwa ga matata Noelene,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ɗinkin tiyatar da aka yi miki yana warkewa, kuma 'yarmu Bronwyn tana kula da ke yadda ya kamata. Ni lafiyata ƙalau, sai dai gidan ya yi mini girma.

Jiya wata dattijuwa mai suna Dulcie ta tare ni a bakin teku, idonta jawur. Zoben marigayi mijinta ne ya sulluɓe daga yatsanta tana wanka, kin san yadda ruwan sanyi ke sa yatsa ya motse. An ce ranar Juma'a za a yi babban hadari, in ya zo kuwa yashi zai binne zoben har abada. Da ruwa ya janye na bi wurin da injina mai gano ƙarfe a cikin ƙasa layi-layi har gwiwata ta fara kuka, amma ko ƙara ɗaya mai daɗi ban ji ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na riga na cika mata baki.

Ki riƙa cin abinci, don Allah.

Mijinki,
Clarrie

Yamba, ranar Alhamis

Noelene tawa,

Ina gaishe ki, ya ƙarfin jiki? Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku.

To, ki shirya dariya. Kin tuna mitar da kika yi ta yi a kan bokitin marafan gwangwani da nake tarawa a baranda? Saboda ke na saita injin ya daina kula su. Abokina Merv ya leƙa injin ya ce, "Kai tsohon banza! Shekara ashirin kana wannan aiki, ka manta zinariya da marfin gwangwani murya ɗaya gare su?" Ashe kwana biyu ina taka zoben, injin yana shiru bisa umarnina. Kunya kamar in nutse.

Yau na mayar da shi yadda yake, na haƙa duk abin da ya yi ƙara. Marfi sittin da uku na tono, a na sittin da huɗu sai ga zoben cikin dunƙulen yashi. Dulcie ta zauna daɓas a jiƙaƙƙen yashi tana kuka tana dariya. Ta kawo mini soyayyen kifi da dankali, muka ci a kan benci, tana ba ni labarin mijinta. Na daɗe ban ji daɗi irin na yau ba. Marafan kuma suna baranda suna jiran faɗanki.

Kin ce kin rame har zobenki yana zamewa, kina tsoron ya ɓace. Kada wannan ya hana ki barci. Ke dai ki warke ki dawo mini gida. Zoben ya faɗi duk inda ya ga dama, kin auri mai nemo shi.

Naki har kullum,
Clarrie