Zare Biyu a Ƙofa Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris
Ya yi! Wallahi ya yi! Tafintana, manhajar da ke karanta yaren kwamfutar da na ƙirƙira, yau ya tafiyar da zare biyu, wato ayyuka biyu, lokaci guda: ɗaya na lissafi, ɗaya na rubuta fayil, ba mai jiran wani. Ihun da na yi har mai shara ta leƙo: "Lafiya, 'yar nan?" Shekara uku ina renon abin nan ni kaɗai. Oga ya ce in zare bai tsaya da ƙafarsa ran Juma'a ba, ofis zai koma wani yaren, a jingine nawa. Juma'a? Ko gobe!

Talata, 4 ga Maris
Dogo, mai teburin kusa da taga, wai in kulle ƙofar ma'ajiyar bayanai da kwaɗo ɗaya babba, zare ɗaya ya shiga, saura su bi layi. To ina amfanin zaren? Ƙananan kwaɗo goma sha bakwai na sa. Gudu kamar me!

Laraba, 5 ga Maris
Tafintana ya faɗi warwas. Sau ɗaya cikin hamsin, ba dalili. Kai!

Alhamis, 6 ga Maris
Na sa layin da ke buga "na iso nan" don in kama ɓarnar, sai ta ɓace. Na cire, ta dawo. Ashe bugawar ce ke ɗan jinkirta zare ɗaya, sai su daina karo. Gwaji ɗari biyar, lafiya lau. Ban gyara komai ba, na sani. Na bar layin.

Juma'a, 7 ga Maris
Na nuna aikin, Oga har da tafi! Yarena ya tsira. Dogo ya kalli "na iso nan" a allo, ya kalle ni, ya ci gaba da shan shayinsa. Da ma zagina ya yi.

Litinin, 10 ga Maris
Kafin Oga ya zauna na gaya masa gaskiya: ɓarnar tana nan, layin ne ke ɓoye ta. Ya daɗe yana juya biro, ya ce ya ba ni sati biyu, ba ƙari. Na kwance kwaɗo sha bakwai ɗin, na sa babba ɗaya. Tafintan ya rage gudu, abin ya ci min rai. Na tura wa Dogo ya duba, don dai a ce an duba. Ba wanda ya taɓa ganin cikin tafintana sai yau. Ya dawo da gyara tara. Takwas daidai ne. Na taran ma... bari dai.