Baƙin Ɗigo a Ɗakin Hatsi

Zuwa ga Yaya Khalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Anti Sakinatu da yara. Baba yana gaishe ku. Wayata ta mutu tun kaka, shi ya sa na ba Dabo direba wannan takarda ya kawo maka Kano.

Yaya, benen da ka gina mana yana yoyo. Ruwa ne yake ɗiga a ɗakin ƙasa, daidai ƙarƙashin banɗakin Baba, kuma a nan muka jibge hatsin bana. Buhu biyu na gero sun yi fumfuna. Na zazzage na shanya, abin da ya tsira bai kai rabi ba. Ka san abin da gona ta bayar bana, ka kuma san yadda kwano ya koma a kasuwar Ɗambatta. In sauran ya lalace, ban san me za mu ci kafin sabo ya shigo ba. Ba ni da inda zan mayar da shi, tunda rumbu an rushe shi lokacin ginin.

Na kira Mati mai gyaran famfo. Ya fasa tayil huɗu, ya canja bututun masai, ya liƙe da siminti, ya ce an gama. Washegari da hantsi ruwa ya ɗigo. Yanzu cewa yake sai Baba ya sauko na mako guda a fasa daɓen gaba ɗaya.

Na gaji, Yaya. In dawo daga koyarwa, in zubar da ruwan robar da nake tare ɗigon da ita, in ja buhu nan, in ja can.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarka, Maijidda

Maijidda,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, duk muna lafiya, alhamdulillahi. Ki gaishe min da Baba ƙwarai.

Ginin nan ba na wasa ba ne. A gabana aka zuba dakin, wato kankaren da ya raba sama da ƙasa, kuma ban rage buhun siminti ko ɗaya ba. Mati ne bai san aikinsa ba. Ki ce ya rufe ruwan tanki na kwana uku. In ɗigon ya tsaya, bututu ne ya fashe. In bai tsaya ba, daɓe ne, a sake shafe shi kawai.

Maganar sauko da Baba kuwa, kada in ƙara jin ta. Shekara saba'in yana kwana a ɗakin laka, duk damina da kwano a tsakar ɗaki. Na yi wa kaina alkawari sai ya kwana a sama, kuma Allah ya cika min. Ba zan bari a ce malamin gari ya koma kwana kusa da buhuna ba.

Ki ƙara haƙuri, nan ma abubuwan sai addu'a. Wassalam.
Yayanki, Khalilu

Zuwa ga Yaya Khalilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaba ɗaya.

Wane ruwan tanki, Yaya? Wata uku ke nan ba wuta, ba man tada inji. A bokiti nake hau wa Baba da ruwa. Sai da na karanta takardarka na zauna na yi tunani: bututu a bushe, to me yake ɗiga?

Na duba robar da kyau. Ruwan baƙi ne, kuma da hantsi kawai yake zuwa, lokacin ina makaranta. Na shinshina. Ba warin banɗaki ba ne, ƙamshin tawadar Baba ne, ƙaro da gawayi.

Ranar Alhamis na ƙi fita, na hau a hankali. Ka san masu neman rubutun sha suna karɓar wankin farko a kwalba. Ragowar ɗaurayar alluna kuwa Baba bai taɓa zuba ta inda ake takawa ko inda ƙazanta take ba, gindin lemo yake kaiwa da kansa tun muna yara. To, ka tuna bututun nan da aka bari a bango, a wajen ƙofar banɗaki, na wurin wanke hannun da ba a saka ba? A ciki na ga yana tsiyaya ƙwarya, yana bisimilla. Mati ya ce bututun a cikin dakin ya ƙare.

Na koma na laɓe. Da azahar ya zo saukowa zai tafi masallaci. Yaya, a zaune yake saukowa. Matakala ɗaya-ɗaya, hannu ɗaya a bango, ɗaya a ƙasa, yana hutawa a tsakani. Da wane hannu zai riƙe ƙwarya?

Na fito na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun bara. Na tambayi Iliyasu magini, ya ce wancan ba ya haɗe da shadda. Na ɗauka ƙasa mai tsarki yake zuwa."

Na ce, "Me ya hana ka ba ni in kai gindin lemo?"

Ya ce, "Sai ki tambayi dalili, sai ki rubuta wa Khalilu. Yaron nan ya sha wahala kafin ya ɗora ginin nan, ki bar shi da farin cikinsa."

Na yi kuka, kuma kunya ta kama ni, gida ɗaya muke ban gani ba. Mati ya toshe bututun, ni nake sauko da ƙwaryar yanzu. Amma ya ce dakin ya sha ruwa, zai daɗe yana ba hatsin danshi. Baba ya hana ni gaya maka, na saɓa masa.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Maijidda

Maijidda,

Salam. Na karanta sau uku. Shekara biyu ina tambayarki fenti da tayil, ban taɓa tambayar gwiwarsa ba.

A hau da hatsin sama. A buɗe ɗakin ƙasa ya sha iska, in ya bushe a shimfiɗa wa Baba. Kafin nan ya zauna a ɗakinki, tunda a ƙasa yake. Kada ki ce saboda ƙafarsa ne, ki ce na ce hatsi ne yake buƙatar saman.

Ina zuwa ranar Juma'a a motar Dabo. Kada kowa ya taɓa buhunan, ni zan hau da su.

Yayanki, Khalilu