Duk Unguwa Ta Sani, Ban da Ni

Yaya Munavvar, don Allah ki ba ni shawara, zuciyata tafasa take yi. Shekara talatin ina koyarwa a nan Namangan, yau ni aka mayar yarinya. Da ciwon ciki ya matsa mini, aka zura mini roba mai kyamara ta maƙogwaro, aka gutsuri ɗan nama don gwaji. Ɗana Sardor ya karɓo sakamako, ya ce gyambon ciki ne. Na yarda, har da yin sadaka.

Sai baƙi suka fara zuwa da rumman da samsa, burodin nan mai nama a ciki. Jiya ƙanwar mijina, da muka shekara tara ba ma ga maciji, ta zo tana kuka wai in yafe mata. Na tsare ta, ta amayar: cutar kansa ce. Likita ya faɗa wa Sardor a bayan ƙofa, Sardor ya faɗa wa kowa, ban da mai cikin. Na sani, haka muka yi wa mahaifiyata, amma ita ba ta karatu. Alhamis zai kai ni Tashkent, wai “ƙarin magani”. Na rantse ba inda za ni da maƙaryaci.

Wadda Aka Rufe

'Yar'uwa, fushinki a kan hanya yake. Jikinki ne, ke ya kamata a fara faɗa wa. Amma Sardor a gidanki ya ga ana haka, kuma tsoro ne ya sa shi, ba raini ba.

Masu kukan nan sun yi gaggawa. Gwajin nama yana faɗin irin cutar ne kawai. Ko ta tsaya wuri ɗaya ko ta bazu, sai an ɗauki hoto. Aikin ƙwararren likitan cutar kansa ke nan: ya haɗa sakamakon, ya shawarci likitan tiyata, su tsara magani. Wannan ne “ƙarin maganin” na Alhamis. In kin ƙi zuwa, ba Sardor kika hukunta ba, cutar kika ƙara wa lokaci.

Yau ki gaya masa kin sani. Zai yi kuka, ki ƙyale shi ya yi. Ki yi kaffarar rantsuwarki, ki riƙe takardunki da hannunki. In kun shiga, ki zauna a kujerar da ke gaban likita, ki ce da ke za a yi magana, Sardor rakiya ya yi.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa a ji alheri.